Shinkafar Baba a Bakin Tekun Parrsboro

Halifax, 12 ga Mayu, 1997

Yaya Sumita,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ki taɓa mini ƙafafun mahaifiyarmu Amma don girmamawa, ki gaida Kawu Raghavan.

Na karɓi takardar digirina ranar Juma'a. Wani kamfanin gina jiragen ruwa a nan ya ba ni aiki, yana jiran amsata kafin 15 ga Yuli.

Wasiƙar Kawu ta iso. Ya ce tunda ban zo jana'izar Baba ba, dole in yi masa sadakar shinkafar cikar shekara ranar 15 ga Yuni, a bakin ruwa. Idan hankaka ya ci, Baba ya yarda da zamana a nan. Idan bai ci ba, in tattara in dawo gida. Ya ce Amma ma haka ta gani.

Don haka na fara gwaji da motar abokin ɗakina. A bakin tekun Lunenburg na cura shinkafa, na jiƙa hannu na tafa sau uku don kiran hankaka. Fararen tsuntsayen teku goma sha ɗaya suka sauko, suka cinye cikin daƙiƙa ashirin. A Digby ma haka, har ɗaya ya tsage mini yatsa. Hankaka biyu na kan turken lantarki suna kallo, ba su motsa ba.

Yaya, ina jin tsoro. Ina son aikin nan.

Ƙaninki,
Nandu

Alappuzha, 25 ga Mayu

Nandu sarkin ƙirga,

Muna lafiya, damina ta kusa. Tsuntsu goma sha ɗaya! Su kuwa sun ƙirga ka?

Saurara. Wa zai gan ka a can? Ka yi sadakarka, ka rubuto cewa hankaka ya ci, shi ke nan. Kawu so yake ka dawo ka zauna masa a masaƙar igiyar kwakwa, kowa ya sani. Ita Amma kuwa, kullum da safe sai ta leƙa bishiyar mangwaro tana kallon hankaki. Ita za ta karanta wasiƙarka da kanta, don haka kada ka cika ta da awo da minti. Layi ɗaya ya isa. Sau ɗaya a rayuwarka ka yi ƙarya, ba za ka mutu ba.

Yayarka,
Sumita

Halifax, 16 ga Yuni

Yaya Sumita,

Ina gaishe ku duka. Ki ba Amma wannan yadda take. Na gwada rubuta layin da kika ce sau huɗu, na yaga.

An gaya mini akwai hankaki da yawa a Parrsboro, sai na tafi can. Na isa da sassafe, na dafa shinkafar da hannuna kusa da mota, na zuba riɗi, na cura uku a kan ganyen ayaba. Sauran na bar shi a tukunya a kan motar.

Sai dai babu teku. Jan laka ne kawai, ruwan yana can nesa kamar zare. Kawu ya ce a bakin ruwa, don haka na bi shi. Taku dubu ɗaya da ɗari biyu. A gida ruwa yakan ja baya kaɗan ya dawo kaɗan, ko tabarmar masunta ba ya jiƙawa, shi ya sa ban damu ba.

Na nutsa cikin ruwan sau uku, sanyin ya kusa tsayar mini da numfashi. Na durƙusa, na kira sunan Baba, na ajiye ganyen, na ja baya na tafa. Ba tsuntsu ko ɗaya. Na sake tafawa. Na jira minti ashirin da biyar.

Sai na ji ihu. Wani dattijo mai tonon kwanson teku ne yake ɗaga mini cokalin tononsa.

"Kai ɗan nan! Ka gaji da duniya ne? Dubi bayanka!"

Na juya. Ruwa ya zagayo ta wani kwari, ya shiga tsakanina da tudu.

Na ce, "Dattijo, minti biyar kawai, hankaka nake jira."

"Hankaka? Hankaka ya fi ka hankali, yana can kan tudu! Zo nan!"

Na waiwaya, ganyen ya riga ya tashi, curi ukun suna narkewa. Dattijon ya damƙi hannuna. A kwarin ruwa ya kai mini gwiwa, kafin tsakiya ya kai ƙirji, laka ta cire mini takalmi ɗaya. Yana jana yana zagina har muka fita. Ya ce ruwan wurin yakan tashi sama da mita goma sha biyu, sau biyu kullum.

Da muka iso mota, hankaka ɗaya yana tsaye a bakin tukunya. Ya ture murfin ƙasa, kansa a ciki. Ya ɗago ya dube ni, shinkafa a bakinsa, ya ci gaba da ci.

Ga gaskiya, Amma. Abin da na miƙa wa Baba, teku ta tafi da shi. Abin da hankaka ya ci, ragowar tukunya ce, ban yi addu'a a kanta ba, ban tafa masa ba. Na san Kawu zai ce bai ci ba. Idan ke ma haka kika gani, zan dawo. Ban ba kamfanin amsa ba.

Ɗanki,
Nandu

Alappuzha, 29 ga Yuni

Nandu,

Da ina kusa da na mare ka, sannan in rungume ka.

Amma tamu ta karanta wasiƙarka sau biyu. Kawu ya fara cewa ai doka ba ta cika ba, sai ta ɗaga masa hannu. Ta yi dariya har hawaye ya zubo, karo na farko tun rasuwar. Ta ce, "Shekara talatin da ɗaya ina zuba wa mutumin nan abinci a ganye, bai taɓa jira ba. Kullum a madafa nake kama shi, kansa cikin tukunya, murfi a ƙasa."

Ta ce ka karɓi aikin. Ta ce kuma ka sayi takalmi.

Yayarka,
Sumita