Tikitin Ƙaura da Sabar Rijiyoyi

Zomba, 3 ga Yuni

Zuwa ga Bambo Gondwe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Sunana Tiyamike Nyirenda, bana na gama jami'a. Ina cikin 'yan sa-kai na manhajar da ka kafa, wadda ƙauyuka ke kai rahoton rijiyar burtsatse da ita in ta lalace.

A shafinmu na ayyuka akwai tikiti, wato aikin da ke jiran mai yi, na ɗauke manhajar daga tsohuwar sabar, kwamfutar da take zaune a kai, zuwa sabuwa. Na sa sunana a kai, don in sami abin nunawa wurin neman aiki. Ban san al'adar ba, cewa in mutum ya sa suna ba mai ƙara taɓawa. Limbani, wanda ya fi kowa surutu a shafin, ya rubuta wai an yi sabuwar jaruma, a tafa mata.

Jami'ar da ke riƙe mana tsohuwar sabar za ta kashe ta ƙarshen wata. Na gwada ƙaurar a kwamfutata, ta yi daidai. Makullin shiga kawai ya rage, kuma an ce kai kaɗai ke da shi. Ka ara mini na yini ɗaya.

Taka cikin ladabi,
Tiyamike

Rumphi, 9 ga Yuni

'Yata,

Muna lafiya, muna ta sussukar masara. Makullin nan ba a aronsa. Haka na gina abin: mutum ɗaya ke riƙewa, kuma wayarsa ce ke kuka duk sa'ad da sabar ta faɗi, ko yana coci ko wurin biso. Ni ma na ɗauka ne don aikin Asabar ɗaya, ga shi na yi furfura da shi. Nemi na biyu ku raba nauyin, sai in aiko.

Ki gaida Limbani, ki ce har yanzu baki ne jarinsa.

Gondwe

Zomba, 17 ga Yuni

Bambo,

Ina gaisuwa. Na tambaya a kan tikitin ko akwai mai kama mini. Mutum goma sha ɗaya sun ɗaga babban yatsa, ba wanda ya sa suna. Limbani ya ce bayansa na ciwo.

Wani banki a Lilongwe ya ɗauke ni, zan fara ɗaya ga Yuli. Na karanta yarjejeniyar: an hana riƙe sabar kowa a waje. Mahaifiyata ta ce godiyar mutanen intanet ba ta tuƙa tuwon nsima, kuma ban ga inda ta yi kuskure ba.

Cire sunana dannawa ɗaya ce. Jiya na buɗe shafin don in cire, sai ga rahoto daga Chingale, famfonsu ya tsaya, mata sun koma ɗiba a rafi. In an kashe sabar, irin wannan saƙo ba inda zai sauka.

Ba za ka yi ƙaurar da kanka ba, sau ɗayan nan? Na rubuta matakan duka, bi kawai za ka yi.

Taka,
Tiyamike

Rumphi, 21 ga Yuni

'Yata,

Gaisuwa. Idona ya daina ganin rubutun allo tun bara, matata ke karanta mini wasiƙunki, ita ke rubuta wannan. Ban faɗa a shafin ba don kunya.

Makullin na cikin saƙon da ke biye. Da kin buɗe, nawa ya mutu, riƙon sabar ya koma kanki. Kada ki buɗe don tausayina.

Ki huta lafiya.
Gondwe