Injin Wankin Tapi a Kwalekwale

Yaya Hamidu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya iyali da sanyin Agadas? Mu nan Gaya lafiya lau.

Ka yi haƙuri, ban bi shawararka ba. Ƙaramin injin wankin tapi na saya, ba wanda ake kafawa cikin mota ba. Tun hawan soja mulki gadar kan iyaka a rufe take, wa zai kawo mini kayan gyara daga Kwatano?

Ran Laraba limamin Tunuga ya kira ni, ruwa ya shiga masallaci, hanya ta yanke. Na ɗora injina a kwalekwale na tafi. Da tapin suka fito fes, ya ce, "Isa, ba don kai ba, da a kan laka za mu yi Juma'a."

Ka sa ni a addu'a, masallatai uku na jira na. Gai da Inna Hajara da yara.

Ƙaninka,
Isa