Furar Inna da Zuciyar Ɗan Cikina

Hajiya Saliha, don Allah ki taimake ni, tsoro ya hana ni sakat. Ni 'yar Cadawa ce, cikina wata biyar. Shekara biyu ke nan da na haifi namiji a gida, ƙato, har mata suka riƙa zuwa kallo suna yi wa surukata barka. Ashe ba zama ya zo yi ba. Numfashinsa sama-sama, leɓɓansa suka yi shuɗi, bai kai suna ba. Ragon ma kwance shi aka yi aka mayar garke.

Wannan karon na je awo, aka ce ina da ciwon sukari, kuma wai yakan taɓa zuciyar jinjiri tun yana ciki. Ungozoma ta ce in bar zaƙi, in je Maradi a duba zuciyar ɗan da na'ura. To ga inda gizo ke saƙa. Inna, uwar mijina, tana sona kamar ita ta haife ni. Kullum da hantsi sai ta dama mini fura da nonon shanunta, ta zuba sukari, ta zauna har in shanye, wai jikanta ya fito da ƙarfi. Ta yaya zan ture ƙwaryarta? Kunya ta hana ni faɗa mata. Ina sha ina kuka a zuci, in ɗan ya motsa sai gabana ya faɗi. Mijina Labo kuwa, tun da aka buɗe kamfen zaɓe ba ya zama, in na ce ya kai ni Maradi kullum sai gobe. Hajiya, ko ni na kashe na farin?

Mai Fargaba, Cadawa

'Yata, ba ke kika kashe shi ba. Ba ki san da ciwon ba, kuma babu mai iya rantsewa kan abin da ya ɗauke shi. Allah ya sa mai ceto ne.

Amma ungozoma gaskiya ta faɗa. Sukari in ya yi yawa a jinin uwa, ɗa yakan yi girman da ba na lafiya ba, naman zuciyarsa ya yi kauri. Da yawa kuma lafiya lau ake haifarsu in an kula. Kada ki yi wa kanki horon yunwa, ki bi abin da likita ya tsara. Ki haihu a asibiti, a ba jinjirin nono da wuri. In kika ga yana numfashi da sauri, shuɗin leɓe ko gumi wajen tsotso, kada a jira, a kai shi wurin likita.

Inna ba maƙiyiyarki ba ce, jika take nema, ita ma ta binne ɗaya. Laifin shirunki ne, kuma kunyar da za ta ci rai ba tarbiyya ba ce. In bakinki ya yi nauyi, ki tafi da ita awo ta ji daga bakin ungozoma. Za ki ga wadda ke zuba sukarin ita ce za ta ɓoye shi.

Shi kuma Malam Labo, a karanta masa wannan: wanda ya san hanyar Maradi don taron jam'iyya ya san ta don ɗansa. Ya kai ki satin nan.

Allah ya sauke ki lafiya, 'yata, ya sa wannan karon a yanka ragon.

Hajiya Saliha