Abin da Aka Yanke daga Cikin Maniru

Asabar, 3 ga Fabrairu, 2024

Sai yau hannuna ya iya riƙe biro. Ran Litinin ina kwance da littafi, na kai daidai inda saurayin zai dawo daga tafiya, aka shigo da mijina Maniru daga fadama ranga-ranga. Yana cikin ban ruwan albasa ya dafe ciki ya faɗi. Na taɓa cikin, tauri kamar katako.

Wansa, Yaya Abdulrazak, ya ce olsar ce ta motsa, a jiƙa kanwa. Wata da watanni maganarsa ke nan, Maniru na ramewa, tuwo ba ya zama masa. Tun hantsi har la'asar ana ɗura masa jiƙo. Da hannuna na ba shi, amma Yaya ne ya ce. Sai da ya daina gane mutane aka nemo mota zuwa Sakkwato.

Ashe tumbinsa ne ya huje. An yi tiyata, an yanke fiye da rabi. Likita ya ce za su duba naman da suka cire.

Talata, 6 ga Fabrairu

Ya buɗe ido sosai yau, roba har ta hanci. Na matso ina jiran kalma mai daɗi irin ta littafi. Wai, "Safinatu, an ba albasa ruwa?" Na yi dariya, na fita baranda na yi kukana.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Mun dawo Danchadi. Kunu kaɗan-kaɗan, cokali-cokali. Duk mai dubiya sai ya yi wa Yaya sannu da ɗawainiya. Allah ya isa.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Ran Litinin Yaya ya je Sakkwato shi kaɗai jin sakamako. Ya dawo ya ce olsa ce, an ɗinke, sai godiya.

Yau matarsa Fiddausi ta same ni a madafi, tana waige-waige. "Don Allah kada ki ce ni na hwaɗi. Ciwon daji ne. Sun ce a maido shi a riƙa ɗaura mai ruwan magani, in ba haka ba abin na iya tasowa."

Maza sun zauna a zaure sun yanke kada a gaya masa, kada a gaya mini. Wai a gidan nan ba a kiran sunan mugun ciwo a gaban mai shi, zuciya ce ke fara mutuwa. Haka aka yi wa babansu har ya rasu. Ni kuwa wai yarinya ce mai karance-karance, kuka zan sa masa.

Kunun ya kama. Ban ma ji ƙaurin ba.

Juma'a, 23 ga Fabrairu

Na durƙusa na gaida Yaya, na ce, "Yaya, yaushe za a koma asibiti?"

"Wa ya ce miki za a koma? Yankan da anka yi mai bai isa ba? Ki ji da kununki."

To. Jibi dangi za su taru dubiya, har Baffana zai zo daga Dandin Mahe. Zan fito tsakar gida in faɗi komai: kanwar, jinkirin, ƙaryar. Ina son in ga rawanin nan na Yaya ya sunkuya. Ina son duk kasuwar Bodinga a riƙa nuna shi da baki. Na shirya maganar tsaf, ina daka ina maimaitawa. Wadda ke cikin littafin da nake karantawa ma ba ta kai ni iya tsara zance ba.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Ban yi ba.

Na fito, har na buɗe baki. Sai ga Maniru a kan tabarma cikin mutane, yana dariya a hankali, ya dafe ɗinkin. A nan zai ji ke nan, shi da maƙwabta lokaci ɗaya, cikin ihu. Na ce musu ga ruwa.

Ba don Yaya na fasa ba.

Talata, 27 ga Fabrairu

Maniru ya ce mako mai zuwa zai leƙa fadama, tunda ya warke. Ya tambaye ni me ya sa nake kallonsa haka.

Ɗazu na hangi Yaya ya leƙo ƙofar ɗakinmu, ya daɗe a tsaye, ya juya bai yi sallama ba. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ba ruwana. Na gwada maimaita jawabin nan, rabi ya ɓace mini, ban kuma nema ba.

Gobe da safe, in ya gama shan kunu, zan tura ƙofa in gaya wa Maniru sunan ciwonsa, mu biyu kawai. In ya ce a koma Sakkwato, ni zan raka shi.