Reshe na Biyu

Nahuce, 4 ga Maris, 1998

Malam Mannir,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali.

Ranar da na fita takaba na zo shagonku a Gusau ɗaukar kayan Baban Yelwa, ka zaunar da ni gaban kwamfuta in ga wasan da yake rubutawa ya bari bai gama ba. Na karanta: "Yarinya tana zazzaɓi, wuyanta ya sanƙare. Maigida ba ya gari. Danna ɗaya ki jira shi, danna biyu ki fita babu izini."

Nan na gane. Ni ce da 'yarmu Yelwa, shekarar sanƙarau a Kucheri. Na jira shi, ta cika a hanyar Tsafe. Har ya bi ta bai taɓa yi mini maganar ba. Shi ya sa na tashi ban danna komai ba.

Don Allah ka duba mini. Wadda ta danna biyu, 'yarta tana rayuwa?

Na gode,
Wasila

Gusau, 15 ga Maris

Malama Wasila,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara haƙuri.

Irin wannan wasa da "idan kaza, to kaza" ake gina shi. Ƙarƙashin ɗaya, marigayi ya yi ta tsaga reshe cikin reshe: babur ko amalanke, kemis ko asibiti, idan an sami allura, idan ba a samu ba. Sun sarƙe har shi kansa yana ɓata. Na bi su duka, kowanne yana ƙarewa da "Allah ya karɓi abinsa." Don haka na share maimaicin, na karkatar da su ga ƙarshe guda.

A biyu kuwa, ya rubuta "idan ta fita," sai ya tsaya. Na taɓa tambayarsa. Ya ce, "Ni na kafa mata dokar, Mannir. Da wane hannu zan rubuta?"

In kin amince, sai in haɗa shi da sauran, shi ma ya ƙare inda suka ƙare. Aikin layi ɗaya ne.

Wassalam,
Mannir

Nahuce, 28 ga Maris

Malam Mannir,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta wa Inna takardarka, ta ce in bari ka haɗa in huta.

Kada ka haɗa. Tausayina ne zai rubuta layin, ba shi ba. Da ma ya faɗa mini da bakinsa, da mun yi kukan tare.

Allah ya saka da alheri. Reshe na biyu yana nan babu rubutu, ni ma ban danna ba.

Wasila