Ɗan Kawu Yana Shinshina Kofina

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna, ya yara? A shafa min kan auta.

Lafiyata lau, sai tsayuwar wurin aikin gugar kaya, ita ma ba ta kashe kowa ba. Abokan aikina ƙwaya suke haɗiya don su jure. Sun miƙo min na ƙi, ko da yake na daɗe ina kallonta.

Ki gaya min gaskiya, ku kuka sa ɗan Kawu ya sa min ido? Tun da ya sauka a ɗakina, in na dawo aiki sai ya rungume ni, hancinsa a bakina. Ko shayi na sha sai ya shinshina kofin. Na san abin da ake faɗa a gida: giya ce ta kashe Baba, ni kuma na ɗauko shi har tafiya.

To, jiya ina shara na ci karo da kwalaben maganin tari a ƙarƙashin gadonsa, duk wayam. Ban taɓa jin ya yi tari ba.

A aiko min da man zafi, Allah ya bar zumunci. Kuma ki tambayar min Kawu, shi da ko sigari bai taɓa sha ba: nasa ɗan, wa ya ɗauko?

Ƙaninki