Mai Sanƙon da ke Bangon Littafi

Litinin, 3 ga Maris
Bakina ya sake jawo mini. A shagon mai aski ana hirar littattafan da 'yata Auta ke rubutawa, na juyin mulki da harbe-harbe, uku ta fitar a jere. Sai na ɗaga na farkon, na nuna mai sanƙon da ke bango, na ce ai Daraktan ofishinsu ne ta zana, ɓarawon gwamnati. Aka yi ta dariya har da tafa hannu. Na manta mai askin nan shi ke yi wa Darakta ƙwalƙwal duk sati.

Laraba, 5 ga Maris
An dakatar da ita daga aiki. Ta ajiye jaka, ta ce, "Baba, a wane shafi ka ga haka?" Na ce can tsakiya-tsakiya. Ba ta yi dariya ba.

Ban taɓa wuce bangon ba. Ni da na bar makaranta tun ina ƙarami, malam ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi.

Alhamis, 6 ga Maris
Uwarta ta ce albashin yarinyar nan ke riƙe da gidan, ni kuma ina riƙe da bencin mai aski.

Juma'a, 7 ga Maris
Na je ofishinsu ba da haƙuri. Zaman jira har ƙafata ta mutu. Darakta ya ce, "Malam, ni ba ni da lokacin tatsuniya. Je ka kawo mini abin da ta ce a kaina." Ashe shi ma bai karanta ba.

Talata, 11 ga Maris
Kwana da kwanaki ina bin layi da yatsa, da tabarau na aro. Ido ruwa, baya ciwo. Sunayen bindigogin kaɗai sun isa su kashe mutum. To, mai sanƙon nan ba ɓarawo ba ne. Shi ya fitar da shugaban ƙasa a motar asibiti ranar da sojoji suka kewaye gidan gwamnati. Ina yarinyar nan ta san duk wannan? A gidana ta girma, ni ina waje ina ba mutane dariya.

Laraba, 12 ga Maris
Na karanta wa Darakta wurin, ina tuntuɓe. Ya shafa kai, ya ce ta dawo aiki Litinin, kuma a kawo masa sauran biyun.

Na shigo gida ina jiran yabo. Auta tana guga, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Baba, a na uku mai sanƙon nan shi ya sayar da shugaban da mutanensa duka. Kuma ba kowa ba ne, ni na ƙirƙiro shi."

Na gaji.

Lahadi, 16 ga Maris
Ban leƙa shagon mai aski ba satin nan. Baya ne, ba wani abu ba. Na kai rabin na biyu. Jiya ta ji ina kokawa da wata kalma, ta faɗa mini ita daga bakin ƙofa, ta wuce.

Gobe za ta koma aiki da littattafan biyu na Darakta a jaka, nawa suna nan gida. Saura in gama har na uku, in je da ƙafata in gaya wa Darakta mai sanƙon nan ba shi ba ne, a farko ko a ƙarshe, kafin ya isa wurin da kansa. In ya fara, ya fi ni sauri.